Babi na Shida: Sauron da Ba Ya Jiran Dare

A ƙasar Safo, daga tsakiyar damina har a gama ɗaure hatsi, masassara ba labari ba ce. Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa daga wajen Jibiya, fadama ta cika, tabkuna sun kwanta a bayan gari, sauro ya samu abin da yake so. Duk wanda ya je likita a watan Satumba ya san abin da zai tarar: mata a kan benci da tabarmi, kowace da yaro a goye ko a cinya, jiki zau. Ma'aikacin lafiya ya huda yatsa, ya ɗiga jini a ɗan farin faifan gwaji, a jira minti goma sha biyar. In layi biyu ya fito, palu ne, wato maleriya, a ba da magani, a kira na gaba. Wannan tsari ya ceci rayuka masu yawa, kuma ba abin rainawa ba ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin palu na damina, wanda ake bai wa yara wata-wata. Gidan sauro kuwa, wanda a nan ake kira sange, an raba shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Hankalina yana kan wanda faifansa ya nuna layi ɗaya. A ce dattijo ne, an kawo shi a amalanke ko a bayan babur, ɗansa na tallafe da shi.

"Baba, gwaji bai nuna palu ba."

"To, ɗana, in ba palu ba ne, mene ne? Ko buta na kasa ɗauka."

Ma'aikacin ba shi da amsa, domin kayan aikin da aka ba shi tambaya ɗaya tak suka iya amsawa. Zai rubuta farasitamol, wataƙila ya haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta don kada tsoho ya koma hannu Rabbana. A gida kowa zai raɗa wa ciwon suna. Wannan ya ce taifot, wancan ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi, wata ta ce shawara ce ba ta fito ba tukuna. A kira wanzami ya yi ƙaho, a sayi ƙwayoyi wurin mai talla a faranti. A babban littafin likita kuwa, wanda ake tattara alƙalumansa a aika Madarunfa, daga can Maraɗi, daga can Yamai, dattijon nan zai faɗa cikin tarin masassarar da ba a san asalinta ba.

Cikin cututtukan da ke iya ɓuya a wannan tari akwai cikungunya. Kuma wanda yake ganin abin na ƙasashen kurmi ne, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, sai ya dubi Abeshe.

Abeshe ita ce babban birnin Wadai a gabashin Cadi, kan tsohuwar hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka. Gari ne na Sahel, ya ma fi Maraɗi fari, kuma ƙarancin ruwan sha tsohuwar matsalarsa ce. A watan Yulin 2020, duniya na fama da korona, sai mutanen garin suka fara kwanciya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi mai hana miƙewa. Jama'a sun riga ɗakin gwaji sa wa ciwon suna da harshensu. Sai a watan Agusta gwaji ya tabbatar cikungunya ce. Zuwa 20 ga Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 27,540, fiye da 24,000 daga cikinsu a gundumar lafiya ta Abeshe, sauran akasari a Biltin. Mutum ɗaya aka rubuta ya mutu a lokacin. Wannan adadi na mutuwa shi ne dalilin da ya sa labarin bai yi nisa ba. Annobar da ba ta cika maƙabarta ba, gidajen rediyo ba sa daɗewa a kanta. Shekara biyu kafin nan, a 2018, cikungunya ta kwantar da dubbai a Kasala ta gabashin Sudan. A 2023 ta ɓulla a Puyitenga, garin 'yan kasuwa a Burkina Faso, a shekarar da zazzaɓin dengi ya kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar. A ƙarshen 2023 ɗin kuma hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya ta tabbatar da dengi a Sakkwato, kuma sauro ɗaya ne ke ɗaukar cututtukan biyu. Gabas, yamma, kudu maso yamma: duk inda mutumin Safo ya juya, abin ya taɓa maƙwabci.

A Nijeriya ma ba sabuwa ba ce. Masu bincike a Ibadan sun ware ƙwayarta daga jinin marasa lafiya tun 1964, kuma an yi annobarta a birnin a 1969. Wani bincike da aka yi a Maiduguri, aka buga a 2013, ya duba jinin mutanen da suka zo asibiti ana zaton maleriya ko taifot ke damunsu, sai aka ga kusan rabinsu suna ɗauke da alamar jikinsu ya taɓa haɗuwa da cikungunya. Wato ta daɗe tana ratsa mutane da sunan wasu.

An fara gane ta a kudancin Tanganyika, Tanzaniya ta yau, a ƙasar Makonde, a annobar 1952 zuwa 1953. Ƙwayar bairas ce, saboda haka maganin palu ba ya taɓa ta, haka ma maganin taifot. Daga cizo zuwa kwanciya yawanci kwana uku zuwa bakwai ne, kuma ba ta sallama. Mutum zai iya gaya maka sa'ar da ta kama shi: ya fita gona lafiya lau, kafin azahar jiki ya ɗau zafi, wuyan hannu da yatsu da idon sawu da gwiwa sun riƙe, dama da hagu lokaci ɗaya. Wasu ƙuraje kan feso a jiki bayan kwana biyu ko uku. Zazzaɓin kansa yawanci ba ya wuce mako. Ciwon gaɓoɓin ne ke zama. Mai shi ya kasa murɗa marfin jarka, ya kasa ɗaura zani, ya koma salla a zaune domin gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, da asuba kuma sai an kama shi kafin ya sauke ƙafa ƙasa. Mafi yawa suna warwarewa cikin makonni. Amma binciken da aka yi bayan manyan annoba ya nuna kaso mai kauri, daga mutum ɗaya cikin huɗu har zuwa kusan rabi a wasu wurare, suna ci gaba da jin ciwon watanni, wasu har shekaru. Tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini, su ta fi yi wa illa. Sai kuma jariri, idan ciwon ya kama uwa a kwanakin haihuwa: a tsibirin Reniyon na Tekun Indiya an ga kusan rabin irin waɗannan jarirai sun kamu, wasunsu har ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Abu ɗaya mai daɗi shi ne wanda ya yi ta sau ɗaya, galibi ya gama da ita har abada.

Magani na musamman babu. Hutu ne, da shan ruwa, da farasitamol. A nan ne farantin mai talla yake da haɗari. Abin da mai ciwon gaɓoɓi zai fara nema shi ne asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak, kuma suna rage ciwon. Matsalar ita ce a kwanakin farko ba mai iya bambanta cikungunya da dengi da ido, kuma irin waɗannan ƙwayoyi suna iya jawo wa mai dengi zubar jini. Shi ya sa likitoci ke cewa a tsaya a farasitamol har sai an tabbatar ba dengi ba ne.

Yanzu sai sauron, domin a wurinsa ne duk shirinmu ya kuskure hanya. Sauron palu, wanda masana ke kira Anofilis, na dare ne, kuma a kududdufi da gefen tabki da sawun shanu yake hayayyafa. Saboda shi aka yi sange. Mai ɗaukar cikungunya da dengi da shawara wani ne daban, sunansa Aedes aegypti. In ka kashe shi a ƙafarka ka duba da kyau, za ka ga ɗan ƙarami ne, baƙi, da fararen zobba a ƙafafu da farin zane a gadon baya. Da hantsi yake farauta, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, lokacin da sange ke naɗe a saman gado, yara na makarantar allo, mata na tsakar gida. Idon sawu da gwiwar hannu yake bi, ba ya yawan kuka a kunne, kuma matsoraci ne: da ka motsa sai ya tashi ya koma kan na kusa da kai. Wannan tsoro nasa shi ke sa macen sauro ɗaya ta ciji mutum uku ko huɗu kafin ta cika ciki, ta bar gida guda a kwance.

Ba ya son ruwan kwata. Ruwa mai tsabta yake so, a cikin mazubi, a inuwa, kusa da mutum. Ka ɗauki fitilar wayarka ka leƙa randar da ke kusurwar ɗaki, wadda kullum ake ƙara mata ruwa amma ba a taɓa juye ta ba. Da haske ya faɗa, za ka ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil suna nitsewa ƙasa. In ka jira su dawo, za ka ga sun rataye kai ƙasa, wutsiya a saman ruwa suna shaƙar iska, alhali na sauron palu kwanciya suke yi a miƙe a kan fuskar ruwan. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a zafi irin namu, kwana bakwai zuwa goma ne. Ƙwan kuwa ba a kan ruwa uwar take zuba shi ba. A jikin randar take manna shi ɗaya-ɗaya, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, ɗigo-ɗigo baƙi da ido ba ya kulawa da shi. Yana iya bushewa ya zauna watanni, ya ƙetare rani, ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Saboda haka matar da ta juye randa ta ɗauraye ta mayar da ruwa ba ta yi komai ba tukuna. Sai an sa soso an dirje cikinta, sau ɗaya a mako, an kuma rufe ta ruf. Haka tano, da jarkar da marfinta ya ɓace, da kaskon ruwan kaji, da komin dabbobi, da fasasshen tulu a bayan ɗaki, da tsohuwar tayar da aka danne rufi da ita.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane ɗan Sahel ya ji labarinsa. A 2020 masana daga Jami'ar Princeton ta Amurka, Noah Rose da Carolyn McBride, tare da abokan aikinsu na Afirka, suka buga sakamakon tattara ƙwan wannan sauro daga wurare 27 a nahiyar. Suka gwada kowane iri: warin mutum ya fi so ko na dabba? Mafi yawan na kurmi ba su damu da mutum ba. Waɗanda suka fi nacewa kan ɗan Adam daga Sahel suka fito, musamman Senegal, inda rani ke da tsawo kuma mutane ke zaune a cunkushe. Bayanin da masanan suka bayar mai sauƙi ne. Inda ake wata takwas ko tara ba ruwan sama, kogon itace da ramin dutse duk sun bushe, ba inda sauro zai sa ƙwai sai a ruwan da mutum ya ajiye. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama na gida, ya koyi jinin mai gidan. Ke nan dogon ranin da muke ɗauka shi ne kariyarmu, shi ya rene shi.

Tarihin annobar ya gaskata haka. Babbar guguwar da ta zagaye duniya ta tashi ne a 2004 daga Lamu, tsibiri a gaɓar Kenya, a shekarar fari, lokacin da mutane suka tara ruwa a gida suna tsimi. An ƙiyasta kashi 75 cikin ɗari na mutanen tsibirin sun kamu. Daga nan ta shiga Mombasa, ta haye Komoros a 2005, ta isa Reniyon, tsibirin da ke ƙarƙashin Faransa a Tekun Indiya. A can, tsakanin 2005 da 2006, kimanin mutum 266,000 suka kwanta, wato sulusin jama'ar tsibirin, kuma a wani mako ɗaya na Fabrairun 2006 an samu fiye da 40,000. Fiye da mutum 200 aka danganta mutuwarsu da ita. Wannan fa wuri ne mai asibitocin Faransa da kuɗin Faransa, har sojoji aka tura feshi. A wannan annoba ce kuma aka gano ƙwayar ta ɗan sauya, ta samu sauƙin shiga wani sauron, Aedes albopictus, mai jure sanyi. Indiya ta ƙirga fiye da mutum miliyan ɗaya a 2006. A 2007 matafiyi ɗaya ya kai ta wasu ƙauyuka biyu kusa da Rabenna a Italiya, kimanin mutum 200 suka kamu. A Disambar 2013 ta sauka a tsibirin Saint Martin, cikin shekara guda ta haura mutum miliyan a nahiyar Amurka. A 2025 ta sake bazuwa a Reniyon, ta kuma ɓulla a birnin Foshan na kudancin Sin.

Sauron kansa ba matafiyi ba ne, da wuya ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Mutum ne ke yi masa dako. Ƙwayar tana yawo a jinin wanda ya kamu na kimanin mako guda, wani lokaci tun kafin ya ji komai, kuma mako guda ya isa a taso daga Legas ko Abijan a kwana a Safo. Wanda ya san yadda hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya take cika ranar kasuwa, da yadda 'yan cirani ke dawowa gida da faɗuwar ruwan farko, ya san ba shingen kwastan da zai tare wannan kaya.

Sunan cikungunya yana fitowa a wani wurin da manomi ba zai zata ba, wato takardun tsaron manyan ƙasashe. Lokacin yaƙin cacar baka, Amurka tana da shirin makamai masu yaɗa cuta, cibiyarsa a Fort Detrick a jihar Maryland, kuma cikungunya na cikin ƙwayoyin da aka nazarta a can. 'Yar'uwarta ta jini, wata bairas mai kama dawaki da mutane a Benezuwela, ita har an kai ga tara ta a matsayin makami. A 1955 sojojin Amurka sun saki sauro fiye da 300,000 daga jirgin sama a jihar Jojiya, marasa ɗauke da cuta, don su ga ko zai watsu ya ciji mutane, kuma Aedes aegypti ne suka saki. Shugaba Nixon ya rufe shirin a Nuwamban 1969. A 1972 aka sa hannu kan yarjejeniyar duniya da ta haramta irin waɗannan makamai, ta fara aiki a 1975. Har yau ƙwayar cikungunya tana cikin jerin waɗanda ƙasashe da dama ke sa ido kan fitar da su daga wani ɗakin bincike zuwa wani.

Me ya ja hankalin soja ga cutar da ba ta cika kisa ba? Lissafi ne mara daɗin ji. Gawa ana binne ta a ci gaba da yaƙi. Wanda ya kwanta kuwa yana cin gado, da magani, da mota, da mutum biyu masu jinya. Rundunar da sulusinta ya kasa ɗaga ƙafa ta tashi daga aiki ko da ba a rasa rai ɗaya ba.

A ganina wannan lissafi ya fi dacewa da gandun manomi fiye da barikin soja. Soja yana da albashi ko yana kwance. Manomin Safo damina ɗaya gare shi, wata uku zuwa huɗu, kuma kowane aiki da ranarsa: noman fari ba ya jiran maimai, gero in ya nuna ba ya jiran mai shi ya warke, tsuntsu da ɓarawo ma ba sa jira. A Abeshe annobar ta yi ƙarfi ne a Agusta da Satumba. A ɗauko wannan a aza a kan gidan da ƙarti uku ke riƙe da shi, biyu sun kwanta mako uku, kuma ba gayyar da za a kira domin maƙwabta ma suna kwance. A aza shi a kan mace, wadda duk aikinta na wuyan hannu ne: daka, surfe, jan guga, tuƙin tuwo, tsinkar zogale a lambunan Jiratawa. Madarunfa yanki ne da aka daɗe ana jinyar yara masu tamowa a cikinsa kowace damina. Uwar da ba ta iya riƙe taɓarya wata biyu, ba za a ga sunanta a jerin mamatan cikungunya ba, amma ana iya ganin ɗanta a ɗakin tamowa.

Allurar rigakafi ma ta bi ta hannun soja. A shekarun 1980 masu binciken rundunar Amurka suka raunana wata ƙwayar da aka samo daga Tailan, suka yi allura da ita. An gwada ta a jikin mutane, aka buga sakamako a 2000: tana aiki, ko da yake kaɗan daga waɗanda aka yi wa sun ji ciwon gaɓoɓi na ɗan lokaci. Daga nan aka jingine ta. Sojoji sun koma kan wasu abubuwa, kamfanoni kuma ba su hango kasuwa a cutar talakawan ƙasashe masu zafi ba. Shekara biyar bayan haka Reniyon ta kama. Sai a Nuwamban 2023, shekara saba'in bayan annobar Makonde, Amurka ta amince da allura ta farko, Ixchiq ta kamfanin Valneva. Ita ma ba ta yi sa'a ba: a 2025, bayan ta yi wa wasu tsofaffi mummunar illa, Faransa ta dakatar da yi wa masu shekara 65 zuwa sama, Amurka kuma ta dakatar da lasisinta a watan Agusta. Ta biyu, Vimkunya ta kamfanin Bavarian Nordic na Denmak, ta samu izini a Fabrairun 2025. Kasuwar farko ta dukansu matafiya ce, mutanen da za su zo ƙasashe irin namu hutu ko aiki su koma, kuma kuɗin allura ɗaya a Amurka ɗaruruwan daloli ne. Mai girbin gero ba ya cikin wannan lissafi.

Dole in yi taka-tsantsan da wannan tarihi, domin na san inda yake sauka a majalisar shayi. Da an ce makami, sai a ce ashe su suka kawo mana. Zargin bai faɗo daga sama ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, aikin da ya bar yara da yawa a gurgunce har a ƙasashen maƙwabta. A Burkina Faso, da dengi ya yi tsanani a 2023, jita-jita ta ɗora laifin a kan sauron da wani shirin bincike mai suna Target Malaria ya sauya wa halitta, kuma a Agustan 2025 gwamnati ta rufe shirin. Ko me mutum yake gani game da wannan shiri, sauronsa Anofilis ne, kuma Anofilis ba shi ke yaɗa dengi ba. Ita cikungunya tana zagaye tsakanin birai da sauron daji a Afirka tun kafin a gina Fort Detrick. A Kedugu, kudu maso gabashin Senegal, masu binciken Cibiyar Pasteur ta Dakar sun shafe shekaru tun 1970 da 'yan kai suna kama sauro a kan itatuwa, suna ganin yadda take tashi ta lafa duk bayan 'yan shekaru. Wanda ya tafi neman maƙiyi a jirgin sama zai wuce randarsa bai leƙa ba.

In akwai abin da ya cancanci a kira shi tsaro daga annoba a ƙasa irin Nijar, saurin sanin sunan ciwo ne. An ga wannan a jihar Tawa a 2016. A farkon Agusta makiyaya a Cintabaraden da Tasara suka fara mutuwa da zazzaɓi da zubar jini, dabbobinsu na ɓari. Sai a tsakiyar Satumba sakamako ya dawo daga Cibiyar Pasteur ta Dakar cewa zazzaɓin Rift Valley ne, wata bairas da sauro da jinin dabba ke yaɗawa. Mako shida ke nan, kuma fiye da mutum 30 suka rasu kafin ta lafa. Wannan ciwo ne mai kisa da zubar jini, wanda ba ya ɓoyuwa. Cikungunya, da take kama da palu a kwana ukun farko, ta fi shi iya ɓuya nesa ba kusa ba.

Ma'aikacin likitar Safo ba ya bukatar na'ura kafin ya yi zargi. Alamomin suna gabansa: manya ne ke zuwa fiye da yara, alhali palu yara ya fi kayarwa; mutum uku ko huɗu daga gida ɗaya cikin mako ɗaya; faifai na ta nuna layi ɗaya; kowa na riƙe da wuyan hannu yana tafiya a duƙe. Ko faifan ya nuna layi biyu ma ba a gama magana ba, domin a watan Satumba mutane da yawa suna yawo da ƙwayar palu a jini, wani ciwon daban ne ya kawo su. Abin da zai iya yi nan take shi ne ya sa a kwantar da marasa lafiya cikin sange har da rana na tsawon mako guda, don kada sauron gidan ya ɗauka daga jikinsu, ya kuma sanar da Madarunfa. Tabbatarwa kuwa sai an ɗebi jini a kwanakin farko na zazzaɓin, an sa shi cikin akwatin ƙanƙara, an samu motar da za ta yi fiye da kilomita 600 zuwa ɗakin gwajin CERMES a Yamai kafin ƙanƙarar ta narke. Kwalbar ɗiban jinin, da akwatin, da kuɗin motar, da wanda zai ɗaga waya ya dawo wa ma'aikacin da amsa, dukansu sai an tanade su tun watan Mayu.